KAREN DA BA YA JURE KAƊAICI DA ƊAN AKUYAR DA YA KE LASA

Akwai wani irin kukan kare wanda duk mai zama a Damba, nan gefen Gusau, ko a wani gari na ƙasar Tsafe ko Bungudu, ya san shi. Da safe a ke jinsa, bayan maigida ya saɓa fartanya ko ya hau babur ya fita. Kare ya fara da haushi, ya koma kuka mai tsawo, ya yi ta fizgar sarƙa har wuyansa ya saɓule. In kuwa a sake ya ke cikin gida, sai ya nufi turken awaki, ya sami ɗan akuya ya yi ta lasa, kunne da wuya da gindin wutsiya, ba ji ba gani, har gashi ya zube, fata ta yi jawur.

Mutane su kan ɗauki waɗannan abu biyu dabam dabam. Na farko a ce iskanci ne, a ɗauko sanda. Na biyu a ce ƙauna ce, a yi dariya, har a kira yara su zo kallo. To, likitocin dabbobi sun daɗe da gane cewa sau da yawa tushensu ɗaya ne, watau tsoron kaɗaici da rashin aikin yi. Sanda ba ta maganin na farko, dariya kuwa ita ce ke jawo asarar ɗan akuya.

Abin ba ƙarami ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi. An halatta ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a ƙasar Zamfara yau kare mai kunne ya fi ƙofar ƙarfe amfani da dare. Amma karen da ya wuni yana kuka ya kan kwana yana barci. Maƙwabta kuma haƙurinsu yana da iyaka. Yau a zo zaure a ce, "Malam, karen nan naka ya hana jariri barci." Gobe a sake zuwa. Jibi sai a wayi gari a tarar an jefa masa nama mai guba ta kan danga. Ga kare ya tafi, ga zumunci ya ɓaci.

ME YA SA YA KE HAKA

Kare dabba ce ta zama cikin taro. Tun yana kwikwiyo, daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, a nan ne ya ke koyon su wane ne nasa. Waɗansu masana biyu a Amurka, Scott da Fuller, sun yi shekaru suna kiwon karnuka don su gane wannan, suka fitar da abin da suka samu a 1965. Abin da kwikwiyo ya saba da shi cikin waɗannan makwanni, mutum ne ko akuya ko kyanwa, shi zai riƙa har tsufansa. Wanda aka raba da uwarsa tun bai kai mako 8 ba, kamar yadda yara kan ɗauko ɗan mitsitsi daga kangon da karya ta haihu, ya fi saurin liƙe wa mutum ɗaya, ya kasa zama in ba ya ganinsa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to, a wajen kare maganar ta zauna daram.

Sai kuma canjin zama, wanda shi ne ya fi yawa a wannan yanki. Karen ƙauye a da ba ya sanin kaɗaici. Da asuba ya bi maigida gona, ya kwanta ƙarƙashin kaɗanya ko ɗorawa yana kallon aiki, da rani ya bi samari farauta, da dare ya zaga rumbu. Daga wajen 2011 zuwa yau, rashin tsaro ya tashi iyalai da yawa daga ƙauyukan Zamfara, suka dawo gefen Gusau da manyan garuruwa irin su Tsafe da Bungudu. Wanda ya zo da karensa, ya zo da shi gidan haya mai katanga, inda ba gona ba daji, ga yaran maƙwabta masu jifa. Dole a ɗaure shi. Karen da ya saba yin tafiyar mil biyar ko shida kowace rana, yanzu duniyarsa sarƙa ce mai tsawon taku uku. Haka nan karen ma'aikacin ofis wanda ke fita tun ƙarfe bakwai sai la'asar, da na ɗan kasuwa mai bin Talatar Mafara da Ƙauran Namoda, da na ɗan cin rani wanda ya kwashe damina duka tare da karensa, kaka na wucewa ya ɓace masa wata huɗu.

Akwai kuma firgita. A ƙasar Finlan an tambayi masu karnuka kimanin 13,700, aka fitar da sakamako a 2020, aka ga kashi 32 cikin ɗari na karnukan suna tsoron ƙara mai ƙarfi, irin tsawa. Karen da ya taɓa jin harbe-harbe yana ɗaure shi kaɗai ba ya mantawa. Daga ranar, zama shi ɗaya da ƙarar nan sun zama abu guda a kansa.

To, ina lasa ta shigo? Lasa ita ce abu na fari da kare ya sani a duniya. Da ita uwarsa ta share shi ranar da ta haife shi, da ita ta ke sa shi fitsari da kashi kafin idonsa ya buɗe, da ita shi kuma ya ke roƙon abinci a bakinta. Saboda haka in hankalinsa ya tashi, lasa ce ke kwantar masa da shi, kamar yadda yaro kan tsotsi yatsa. Wani ya kan lashi ƙafarsa ta gaba har ta zama gyambo mai kauri wanda ba ya warkewa. Wani kuwa ya sami abin da ya fi ƙafarsa daɗi, watau wata dabba mai ɗumi wadda ba ta iya gudu: ɗan akuya a turke, ɗan tunkiya maraya, kyanwa, ko ƙaramin kwikwiyo. Ɗan lasa kaɗan tsakanin dabbobin da suka saba da juna ba laifi ba ne. Ya zama ciwo in kare ba ya bari ko an kira shi, in ya bar abinci dominsa, in ɗayar dabbar tana ƙoƙarin tserewa yana danne ta da ƙafa, ko in fata ta fara nunawa.

KAFIN A CE HALI NE, A DUBA CUTA

Nan ne ya kamata a daɗe, gama kuskure a nan ya kan kai ga rai.

Abu na fari shi ne ciwon haukan kare. Jama'a sun san mahaukacin kare mai gudu yana cizo, amma ba kowa ya san cewa a farkon ciwon hali ne kawai ke canjawa ba. Kare mai faɗa ya kan yi laushi ya riƙa lasar mutane da dabbobi, mai laushi kuma ya koma ɓuya ko gurnani. Akwai ma irin da ba ya cizo sam, sai haɓa ta saki, yawu ya riƙa dalala, mutum ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya ya sa hannu zai ciro. Kada a kuskura. Cutar tana cikin yawu, kuma ba sai da cizo ta ke shiga ba: lasa a kan miki ko ƙarzuwa, ko a ido ko baki, ta isa. Akuya da tunkiya da saniya duk suna kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka kuwa daga kare.

Yadda za a bambanta ba wuya. Karen da kaɗaici ke damu, da maigida ya dawo ya warke: ya yi tsalle, ya ci abinci, ya sha ruwa, ya kwanta. Halinsa ya yi makwanni ko watanni yana nan yadda ya ke. Mai ciwon hauka kuwa abin farat ɗaya ya ke zuwa, kullum ƙaruwa ya ke yi, dawowar maigida ba ta canja komai, kuma da wuya ya wuce kwana 10 bayan alamu sun bayyana bai mutu ba. Duk karen da ba a yi wa allura ba, in ya fara sabuwar lasa cikin kwana biyu ko uku, a kulle shi inda ba yaro ba dabba, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Wanda ya ciza ko ya lasa a kan miki, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai sami karen. Allurar rigakafi ta kare a kan fara ta yana wata 3, a maimaita kowace shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya don tunawa da wannan cuta.

Abu na biyu, a duba wanda a ke lasar. Hancin kare ya fi idon mutum gani. Sau da yawa ɗan akuyan ne ke da ciwo tun farko: cibiya ba ta bushe ba, ko kunne na ruwa, ko kaska ta bar miki, ko zawo ya ɓata gindin wutsiya. Warin ne ke jan karen. In wuri ɗaya tak ya ke lasa kullum, a kama ɗan akuyan a buɗa gashin wurin a duba da kyau cikin hasken rana. In an warkar da mikin, sau da yawa lasar ta kan tsaya don kanta.

Abu na uku ya shafi karya kaɗai, kuma yana da ban mamaki. Cikin kare kwana 63 ne, ko kusa da haka. To, karyar da ba ta ɗauki ciki ba, wajen wata ɗaya da rabi zuwa uku bayan ta gama neman namiji, jikinta kan yi kamar ta haihu. Nono ya cika, har ya kawo ruwa, ta tona rami a gindin rumbu, ta tattara tsumma ko takalmi ta kwanta a kai. In akwai ɗan akuya ko 'yan kyanwa a gidan, shi ke nan ta sami 'ya'ya. Ta yi ta lasa, ta hana uwar matsowa, wani lokaci har ta yi wa uwargida gurnani. Wannan cikin ƙarya ne, ba hauka ba, ya kan wuce don kansa cikin mako 2 ko 3. Abin yi shi ne a raba ta da abin da ta ɗauka ɗa, a yawaita fita da ita, kada kuma a tatse nonon, don tatsa ƙara kawo shi ta ke yi. In tana yin haka kowane zagaye, likita na iya yi mata aikin cire mahaifa bayan abin ya lafa.

Na huɗu, cikin karen kansa. A Montreal ta ƙasar Kanada an binciki karnuka 19 masu yawan lasar ƙasa da bango, aka ba da labari a 2012 cewa 14 daga cikinsu suna da ciwo a ciki ko hanji. Karnukan ba su da yawa, kuma lasar ƙasa ce ba ta dabba ba, amma darasin ya isa: karen da ciki ke damu ya kan yi lasa. Karen da ke cin ƙanzo da ruwan wanke-wanke kaɗai, ga tsutsar ciki, ga ƙuma da kaska, ba a fara da koya masa hali. A fara da abinci da magani.

ABIN DA ƊAN AKUYA KE ASARA

Masu cewa yawun kare magani ne su dubi abin da ke biyo baya. Fatar ɗan akuya ba ta da kauri. Wurin da ke jiƙe kullum ya kan yi laushi ya tsage, ƙuda ya sauka ya yi ƙwai, kwana kaɗan tsutsa ta cika shi, balle da damina. Cibiyar sabon haihuwa in ana lasarta ba ta bushewa, cuta ta bi ta nan ta shiga jiki, gwiwoyi su kumbura, ɗan akuya ya gurgunce ko ya mutu. Da hunturu kuwa, jiƙaƙƙen ɗan akuya ko ɗan tsako a cikin iskar asuba ba ya kai hantsi.

Akwai wata asarar da ba a lura da ita sai ta auku. Akuya da wari ta ke gane ɗanta, kuma cikin sa'o'in farko bayan haihuwa ta ke riƙe warin, lokacin da ta ke lashe shi. In kare ya riga ta, ko ya kore ta ya lashe ɗan, tana iya ƙinsa, ta riƙa tunkuyinsa in ya zo shan nono. Ɗan da bai sha dakashi a ranar farko ba ya rasa garkuwar da zai yi yaƙi da cuta. Saboda haka akuya mai naƙuda da kare, ko mai kirki ne, ba su haɗa wuri ɗaya, har kwana uku ko huɗu.

Sa'an nan tsila. Akwai irin tsilar da ke zama a hanjin kare, ƙwanta na fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa da bakinsa. In akuya ko tunkiya ta haɗiye shi, a ciyawa ko a jikinta, ya kan zama ƙululun ruwa a hanta da huhu, waɗanda kowane mahauci ya sani. Wani irin kuma ƙwaƙwalwa ya ke tafiya, dabba ta riƙa zagaya wuri ɗaya kanta a karkace har ta faɗi. Na hanta da huhun nan yana kama mutum, yara sun fi shiga haɗari don su ke wasa da kare. Hanyar yanke wannan ita ce a ba kare maganin tsila, irin wanda a ke kira firazikwantel, wajen kowane wata 3 bisa shawarar likita, kada kuma a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta ko kai mai ƙululu ranar yanka. A binne su da zurfi ko a ƙone.

'Yan kasuwar fata kuma suna da tasu maganar. Jar akuyar Sakkwato, wadda ta cika gidajen Zamfara, fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Miki ya kan warke a jikin dabba mai rai, gashi ya rufe shi, amma tabon yana nan, ranar da fata ta je hannun majemi sai ya fito fili, daraja ta faɗi.

YADDA A KE GYARA

Da fari a tabbata kaɗaicin ne. Karen da ke da wannan ciwo ya kan fara tun maigida bai fita ba: yana ganin an ɗauki hula da makullin babur sai ya hau haki, ya riƙa kai da kawowa. Mafi tsananin abin cikin rabin sa'a na farko ya ke. A tambayi matan gida abin da su ke gani, ko a jingina waya mai ɗaukar hoto a kan katanga a fita a bar ta. Wanda ya yi barci sa'a biyu tukuna ya tashi ya yi ɓarna, wannan zaman banza ne ya ishe shi, nasa ya fi sauƙi.

Sai a ajiye sanda. Mai kare ya kan dawo ya tarar an tona gindin danga, ko kunnen ɗan akuya na jini, ya ga kare ya sunkuyar da kai ya ɓoye wutsiya, ya ce ai ya san laifinsa. Wata malama a New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009, ta ga karnuka suna yin wannan fuska in an yi musu tsawa, ko sun yi laifin ko ba su yi ba. Watau tsoron maigida ne a ke gani. Kare ba ya haɗa dukan la'asar da ɓarnar hantsi. Abin da ya koya kawai shi ne dawowar maigida ma abin tsoro ce, tsoro kuwa shi ne ciwon tun asali.

Aiki ya fi komai. Karen da aka fita da shi da asuba ya yi gudu na rabin sa'a ko fiye, ya shinshina duniya, ya dawo ya ci abinci, rabin ciwonsa ya tafi. In maigida ba shi da lokaci, a sa wani saurayi na gidan, kullum a lokaci ɗaya. Wannan yana da wata riba, don kare ya saba da mutum na biyu. A bar wannan saurayin ya riƙa ba shi abinci ma, kada komai na alheri ya fito daga hannu ɗaya.

Sa'an nan a karya alamun fita. Maigida ya sa hula ya ɗauki makulli, ya koma ya zauna a tabarma. Ya saɓa fartanya ya zaga tsakar gida ya ajiye. Ya tayar da babur ya kashe. A yi haka sau da yawa a yini har kare ya daina ɗaga kai. Daga nan a fara fita ta gaskiya, amma gajeriya ƙwarai: a shiga zaure a ƙirga goma a dawo. In ya zauna shiru, gobe a ƙirga talatin, sa'an nan minti ɗaya, biyu, biyar. Sharaɗin shi ne a dawo tun bai fara kuka ba. In ya yi kuka, an yi sauri ke nan, a koma baya. Mintocin farko su ne masu wuya. Karen da ya iya zama rabin sa'a lafiya, daga nan tafiyar ta kan yi sauri. Abin ya kan ɗauki makwanni, wani har watanni, kuma mai gaggawa gara kada ya fara. Cikin wannan lokaci a yi ƙoƙari kada a bar shi shi kaɗai yini guda. A gidan Bahaushe wannan ba wuya, da kyar a rasa tsohuwa ko yaro a gida. A matso da wurin kwanansa inda zai riƙa jin motsin mutane, ko da ba za a shigar da shi tsakar gida ba.

Lokacin fita a ba shi abin da zai ɗauke masa hankali, wanda ba ya samu sai a wannan lokaci. Babban ƙashin sa, ɗanye, wanda ya fi ƙarfin haɗiya, ya kan riƙe kare sa'a guda. Dafaffen ƙashi, balle na kaza, tsagewa ya ke yi ya huda hanji. Tsohuwar rigar maigida da ba a wanke ba, a shimfiɗa masa. Fita da dawowa kuma a yi su ba hayaniya. In ya taho yana tsalle a ƙyale shi sai ya natsu, sa'an nan a kira shi.

Sarƙa gajeriya a rana ita ce mafi munin wurin ajiye irin wannan kare. In ba makawa sai an tsare shi, ɗan shinge mai inuwa ya fi, ko a ja waya doguwa tsakanin itatuwa biyu a rataya sarƙar da zobe yadda zai yi kai da kawowa. Kasko da ruwa kada ya bushe. Waɗansu su kan ɗaure bakin kare da igiya ko takunkumi don ya bar kuka da lasa, su fita su bar shi. Kare ba ya gumi kamar mutum ko doki, da haki ya ke fitar da zafi, zafin bazara a Gusau kuwa ya kan kai awo 40. Karen da aka ɗaure wa baki a watan Afrilu, gawa za a tarar.

Game da ɗan akuyan, a raba su da danga ko ragar waya wadda za su ga juna su ji warin juna, harshe bai kai ba. Raba su ɗungum ya kan ƙara tayar wa kare hankali, tun da abokin nan shi ne abin da ya ke jingina da shi. A wanke mikin da ruwan gishiri mai tsabta, a sa aidin a cibiya, a sa shuɗin maganin nan na miki mai korar ƙuda. Kada a shafa barkono ko baƙin mai don a hana lasa: barkono ɗan akuyan zai ƙona, baƙin mai kuwa guba ne ga su duka biyu. Bayan miki ya warke a riƙa haɗa su a gaban mutum na ɗan lokaci. Da kare ya fara lasa a kira sunansa, in ya taho a ba shi ɗan abin taɓawa, a sa shi ya kwanta. In bai taho ba a kama shi a hankali a fitar. Sannu a hankali zai gane kwanciya kusa da akuya tana da lada, lasa kuwa tana kawo rabuwa. Wanda ke lasar ƙafarsa kuma, a yanke gindin ƙaramin bokitin roba a zura masa a wuya har gyambon ya warke, a tabbata yana iya ci da sha.

Waɗansu su kan ce a ƙaro masa kare na biyu. In maigida ya ke nema, wani kare ba ya maye gurbinsa, sau da yawa ma sai a sami masu kuka biyu, ko sabon ya zama abin lasa.

Akwai magani na likita in abin ya yi tsanani, kamar karen da ke karya haƙori a kan sarƙa. A Amurka an yarda da Clomicalm a ƙarshen 1998, da Reconcile a 2007, domin wannan ciwo na karnuka. Su kan yi makwanni kafin su fara aiki, kuma ba su koya wa kare komai, sai dai su rage tsoron har koyarwa ta shiga. Likitan dabbobi ne kaɗai ke ba da irinsu, a Gusau, ko a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ƙwayar barci ko ta ciwon jiki ta mutane, wadda a ke saya a shago, kada a ba kare. Ta ciwon jikin nan tana huda masa ciki ta kashe ƙoda.

Wannan sabo da ke jawo wahala, in an bi da shi daidai, shi ne ke yin karen kiwo na ƙwarai. A ƙasar Namibiya, tun 1994 a ke raba wa makiyaya kwikwiyoyin wani babban karen Turkiyya, a sa su cikin garken awaki tun suna wajen mako 8, su girma suna ganin awaki su ne danginsu, su riƙa kore musu namun daji. Ko a can, kwikwiyo ya kan kai wani lokaci da ya ke tauna kunnen 'yan awaki da wasa, sai makiyayi ya sa ido ya hana. Mai son yin haka a Damba ko Kwatarkwashi ya jira kwikwiyo ya cika mako 8 tare da uwarsa, ya sa shi da manyan awaki masu iya tunkuɗe shi in ya wuce gona da iri, ba da sababbin haihuwa ba, ya yi masa ɗan lungu inda zai ci abincinsa awaki ba su kai ba, ya kuma kai shi allura ranar da ya cika wata 3.